Cinyar Layya da Hanyar Gidanmu

A unguwannin Nima da Mamobi na Akra, gidajen da ƙofarsu ke kallon titi ba su da yawa. Galibinmu sai mun bi ta jikin gidan wani kafin mu kai namu. Ka sauka daga trotro a babban titi, ka kutsa tsakanin shagon mai gyaran waya da rumfar mai koko da ƙosai, ka bi lungun da in kun yi kiciɓis da mai ɗauke da bokitin ruwa sai ɗayanku ya manna bayansa da bango, ka tsallake kwata, ka ratsa tsakar gidan da mata ke wanke-wanke, ka yi sallama ka wuce, sannan ka ɓulla wani lungun. Baƙo in ya shiga sai ya ɓata. Mu da aka yanke wa cibi a nan ko da fitila a kashe muna kai kanmu gida. Abin da yawancinmu ba mu sani ba, sai ranar da tifa ta juye yashi aka fara sauke bulo, shi ne ƙasar da muke takawa tun muna rarrafe tana cikin takardar wani.

Yadda unguwar ta kafu ne ya jawo haka. A 1931 Malam Amadu Futa, Bafillace mai fataucin shanu, ya karɓi wannan fili daga hannun zuriyar Odoi Kwao ta Osu, don ya riƙa tsayar da dabbobinsa kafin a shiga da su kasuwar Akra. A lokacin daji ne a bayan gari. Baƙi suka riƙa sauka a wurinsa ana yanka musu wurin zama: Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli, Wangarawa, Yarbawa da mutanen arewacin ƙasar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo sansanin sojan Amurka kusa da filin jirgin sama, masu neman aikin dako da wanki da girki da gadi suka cika wurin. Har zuwa 1951 Nima ba ta cikin iyakar hukumar birni, saboda haka babu safiyon da ya zo ya ja layi ya ce nan titi, nan gida. Wanda aka ba wuri ya kafa ɗaki. In iyali sun ƙaru ko ɗan haya ya samu, ya ƙara wani. Abin da ya rage tsakanin bango da bango shi ya zama hanya. Babban titin da muke taƙama da shi ma sai a shekarun 1970 aka fasa shi, kuma sai da aka rushe gidaje kafin ya samu wurin wucewa.

Kakana mutumin ƙasar Katsina ne. Fataucin goro ya kai shi Kumasi, daga can ya gangaro Akra bayan yaƙi, ya samu wuri a gangaren da ke kallon babbar kwatar nan ta Nima da Mamobi. Ƙofar gidan ta wajen kwatar take, don a zamaninsa can ne fili. Sannu a hankali ruwan damina ya cinye gaɓar, mutane suka gine sauran, har ya zamana abin da ya rage mana ta nan ɗan siririn dakali ne da katako guda da aka gitta a kan ruwa. Wajen ƙarshen shekarun 1970 mahaifina ya ɗauki goro ya tafi wurin maƙwabcinmu na gaba, wani dattijon Bazabarme mai sayar da albasa da muke kira Baba Alhaji, ya roƙe shi hanya. Baba Alhaji bai ja magana ba. Ya sa aka matsar da shingen kwanon gidansa, ya bar mana wani tsiri a gefen bangonsa wanda ke fita lungu, lungun kuma ya kai titi.

Ta wannan tsirin aka shigo da amaren gidanmu, ta nan aka fita da makarar kakana, daga baya ta mahaifina. Kuma kowace Babbar Sallah, da an gama fiɗa, Baba, mahaifina, yakan ware cinyar ragon layya ya sa a tire, mahaifiyata Mma ta rufe da faifai, a ɗora mini a ka. Saƙon bai taɓa canzawa ba: "Ka ce da Baba Alhaji ga na hanya, mun gode." Amsar ma ba ta canzawa. Dattijon zai dafa kaina ya ce, "Hanya ta Allah ce. Ka gaida babanka." Bayan rasuwar su biyun Mma ta ci gaba da aikawa, cinyar tana zuwa ɗakin uwargidan marigayi.

Nima ta yau ba bayan gari ba ce. Unguwar Kanda na gefe guda, fadar shugaban ƙasa tafiyar ƙafa ce, unguwannin masu kuɗi na wajen filin jirgi suna hango mu. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma kowa ya san na shekara biyu ake biya. Inda ɗaki guda ke kawo kuɗin shekara biyu a dunƙule, kowane taku na ƙasa sai ya koma ɗaki a idon mai shi. Magadan Baba Alhaji suna da yawa, wasu a Yamai, wasu a Jamus da Amurka, kuma gida ɗaya ba ya rabuwa gida ashirin. Da uwargidan ta rasu suka sayar. Mai sayen ɗan zango ne kamar mu, ɗan kasuwa, kuma ba zan ce ya yi rashin ladabi ba. Da ƙafarsa ya zo har ɗakin Mma, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce zai ta da bene, shaguna a ƙasa ɗakuna a sama, kuma taswirar filin da ya saya ta haɗa har da tsirin. Ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, bashi na ci na sayi wurin nan." Ba a daɗe ba magina suka ja igiya, bulo ya hau.

Muka koma bin katako. Mma tana fama da ciwon gwiwa, sai an riƙe ta ta ɓangare biyu. Matar ƙanena tana da tsohon ciki. Ruwan sha da gawayi da buhun shinkafa duk ta kan dakalin nan. Wanda ya ga daren 3 ga Yunin 2015 a Akra, daren da ambaliya da gobara suka kashe mutum fiye da 150 a wajen shataletalen Kwame Nkrumah, ya san kwata ba abin wasa ba ce in hadari ya haɗo. Da na ji iska ta taso da dare sai barci ya ƙaurace mini.

Na tafi wurin lauya da ƙarfin gwiwata, don a unguwa kowa yana faɗa mini cewa shekara goma sha biyu kawai doka ke nema, mu kuwa mun haura arba'in. Abin da ya fara warware mini ke nan. Shekara goma sha biyun nan ta dokar ƙayyade wa'adin ƙara ce ta 1972, kuma maganarta a kan wanda ya mamaye fili ne ya zauna a ciki kamar nasa, mai shi yana gani bai kai ƙara ba. In wa'adin ya cika, hakkin mai filin ya faɗi. Mu ba mu mamaye komai ba, wucewa muke yi. Hakkin wucewa dabam yake: ƙasa tana nan ta mai ita, sai dai ba shi da ikon toshe ka. Ba mutum ake ba shi ba, gidan ake ba, don haka in an sayar da gidan gaba ko na baya yana nan daram. Kuma iyakarsa yadda aka saba amfani da shi. Hanyar ƙafa ba ta rikiɗa ta zama ta mota don jikanka ya sayi mota.

Ƙa'idar samun wannan hakki ta hanyar daɗewa daga Ingila muka gaje ta. Turawa sun ɗora wa Gwalkwas, wato Ghana ta yau, dokokinsu da ke aiki a 1874, cikinsu har da wata ta 1832 wadda ta sa shekara ashirin ta bi ba yankewa, sannan ta ƙara wani matakin na shekara arba'in da ya fi ƙarfi. Amma shekaru kaɗai ba su isa ba. Dole ya zamana ka bi hanyar kamar mai hakki: ba ka fasa shinge da ƙarfi ba, ba ka saɗaɗa a ɓoye ba, kuma ba izini aka ba ka ba. Sharuɗɗa biyun farko ban damu da su ba. Na ukun ne ya sa lauyan ya ajiye biro ya tambaye ni yadda aka yi muka fara bin wurin. Na ba shi labarin goro da shingen kwano da cinyar layya ina murna, a zatona hujja nake tara masa.

Ya yi shiru, sannan ya ba ni labarin wata shari'a da ake kira ta Gardner, wadda kotun ƙolin Ingila ta yanke a 1903. Masu wani gida sun shafe fiye da shekara arba'in suna bi ta farfajiyar wani masauki, amma kowace shekara suna biyan sule goma sha biyar. Alƙalai suka ce waɗannan sulallan sun nuna cewa da yardar mai wuri ake bi, kuma wanda ke sabunta roƙo duk shekara ba zai ce hakkinsa yake ci ba. "Alhaji," in ji lauyan, "cinyar nan taku ita ce sule goma sha biyar ɗinku." Na ce to ai ba mu da wata mafita. Ya ce akwai ƙa'idar da ke buɗe wa gidan da aka kulle ta ko'ina hanya, amma tana da nata sharuɗɗan, kuma muddin katakon nan na nan, ɗaya ɓangaren zai ce wahala ce muke sha, ba rashin hanya ba. Ko ta al'adar masu ƙasa aka bi, ya ƙara da cewa, kotunan Ghana sun daɗe da tsayawa a kan cewa wanda aka ba wuri aro ba ya zama mai shi don shekaru sun tura.

Daga nan ya yi mini tambayar da ta hana ni sukuni. Ya ce, shin naman nan na hanya ne takamaimai, ko kuwa irin naman Sallar da kowane Musulmi ke aika wa maƙwabcinsa? Kuma wa ya rage a raye da ya ji lokacin da aka yi roƙon? Bai ce in yi ƙarya ba, aikinsa ne ya tambaya. Ni ne zuciyata ta ƙarasa sauran. Baba ya rasu, Baba Alhaji ya rasu, uwargidansa ta rasu, magada sun watse. Saura mutum biyu da suka san kalmomin da ke tafiya tare da tiren nan: wadda ke rufe shi da faifai, da wanda ke ɗaukarsa a ka. Abin da ya sa shaiɗan ya samu wurin zama shi ne maganar rabinta gaskiya ce. Muna aika wa sauran maƙwabta nama. In na ce naman Sallah ne ban ƙirƙiri komai ba, kalma uku kawai zan haɗiye. Kafin trotro ya sauke ni na riga na gama tsara yadda zan faɗa a gaban alƙali, har na ba kaina hujja da gwiwar Mma da cikin matar ƙanena.

Bayan sallar isha'i na shiga ɗakinta na zauna a bakin tabarma na jera mata komai. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, kuma ba kasafai take duban idona in muna magana ba. Ran nan ta dube ni. Ta ce, "Kai, da bakinka kake kai saƙon nan. Me kake cewa in ka je?" Na yi shiru. Ta ce, "Mun roƙa, an ba mu. Bawan Allah nan ya rage gidansa don mu samu wurin fitar da gawarmu, bai karɓi ko kwabo ba. Yanzu don ya kwanta dama sai in tsaya gaban hukuma in ce bai ba mu komai ba, da ƙarfinmu muka bi? In katakon ne ajalina, to a kansa zan mutu." Ta juya ta ɗauki carbinta.

Ban ji daɗin maganar ba a daren, kuma na ɗauki lokaci ina jin haushin dokar kanta. Yaya za a ce marar kunyar da ya ratsa gidan mutane shekara ashirin bai taɓa cewa sannu ba shi ne zai tashi da hakki, mai ladabin da ya durƙusa ya roƙa ya tashi a tutar babu? Sai da na huce na ga inda ƙa'idar ta dosa. Da a ce izini yana rikiɗa ya zama hakki, babu mai hankalin da zai ƙara cewa maƙwabcinsa "bi ta nan". Kowa zai kafa ƙofa da kwaɗo tun ranar farko don gudun abin da zai faru bayan shekara ashirin. Baba Alhaji ya iya yin kyautarsa da sakin zuciya ne domin ba ta cire wa 'ya'yansa komai daga gadonsu ba. Dokar tana tsare mai alheri kada alherinsa ya zame masa asara. Na yarda da wannan har zuciyata. Amma kuma na ga abin da take nufi a unguwa irin tamu: tarbiyyar zango ba ta barin mutum ya ratsa gidan wani bai nemi izini ba, saboda haka kusan duk hanyoyin cikin Nima na roƙo ne, kuma kusan dukanmu a kan aro muke tafiya. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Na je wurin limamin masallacinmu ina fatan ko shari'ar Musulunci za ta ba ni abin da ta Turawa ta hana. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba akwai hauzi ba?" Ya ce akwai. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da muka karanta a zaure, wanda ya riƙe gida shekara goma ana danganta shi da shi, mai shi yana nan yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, to ba a ƙara sauraron da'awarsa. Tsakanin dangi da surukai kuma wannan wa'adin bai isa ba. Amma, in ji shi, abin da aka shiga da aro ko haya ba a yi masa hauzi ko an shekara ɗari. Ashe a kan wannan gaɓar malaman Malikiyya da alƙalan Landan da dattawan Osu bakinsu ɗaya.

Sai dai Malam bai sallame ni hannu rabbana ba. Ya ce fiƙihu bai tsaya a kan wa ke da ƙasa ba, yana kuma duban cutarwa. Ya kawo abin da Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa: Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ja ruwa zuwa gonarsa ta cikin filin Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Aka kai wa Sayyadina Umar. Ya lallashe shi, ya nuna masa cewa shi ma zai amfana kuma ba abin da zai rage shi da shi, ya dage a kan ƙi, Umar ya ba da umarni ruwan ya wuce. Malam ya ce kotun Ghana ba za ta yi hukunci da wannan ba, amma mai benen Musulmi ne, a sahu ɗaya muke sallah, kuma akwai wurin da za a faɗa masa wannan ya ji.

Wurin shi ne zauren sarkin unguwarmu. Mutane da yawa suna raina irin wannan zama, suna ganin shayi ne kawai da ban-baki. Ba haka ba ne. Dokar sasanta rigingimu ta 2010 ta amince da sulhun gargajiya: in ɓangarorin biyu sun yarda da kansu, kowa ya ajiye ɗan abin zama, hukuncin da aka yanke ya hau kansu, kuma ana iya kai shi kotu a yi masa rajista. Muka ajiye, shi ma ya ajiye.

Mma ce ta fara magana, daga bayan labule. Ta faɗi komai yadda yake, har da kalma ukun da na so in haɗiye. Na ga mai benen ya ɗago kai, don ya zo ne da shirin musu, da takardunsa a jaka, ya tarar ba abin da zai musa. Sarki ya tambaye shi ko ya ji. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji. Hajiya ta faɗi gaskiya ko da a kanta take." Wani tsoho da ya yi zamani da Baba Alhaji ya tuna wa mutane amsar da marigayin ke bayarwa, cewa hanya ta Allah ce, ya ce shi a fahimtarsa mutumin sadaka ya yi, bakin da zai rubuta ne bai samu ba. Mai benen ya ce shi bai ga sadaka a taswira ba, kuma kowace ƙafa ta wurin nan kuɗi ya biya. Ban ga laifinsa ba. Shi ma gaskiyarsa ya faɗa.

Liman ya yi nasa bayanin, ya kawo ƙissar Umar, ya ambaci hadisin da ya sa faɗin hanya kamu bakwai in an yi saɓani. Ya ce a Nima ba mu da kamu bakwai, amma akwai ma'aunin da babu gidan da zai ce ba ruwansa da shi. Ya aiki almajirai suka ɗauko makarar masallaci. Mutum huɗu suka saɓa ta a kafaɗa, aka je gefen ginin, aka ja layi daidai inda za su wuce ba tare da an karkata ta ba. Ya kama wajen ƙafa huɗu. Mai benen ya tsaya yana duban layin, ya daɗe, sannan ya ce a rushe abin da ya shiga ciki. Sharaɗinsa shi ne mu biya shi kuɗin tsirin da na aikin da za a warware, kuma ba za a kafa tebur ko murhu ko a ɗaure tunkiya a wurin ba. Sarki ya ce adalci ne. Kuɗin hayar ɗakuna biyu na shekara biyu ya tafi a nan, da abin da ƙanwarmu ta turo daga Italiya.

A wannan karon ban bar maganar a baki ba. Aka kira safiyo mai lasisi ya auna tsirin ya fitar da taswira. Lauya ya rubuta cewa mai gidan gaba, da duk wanda gidan zai koma hannunsa, ya ba gidan baya hakkin wucewa da ƙafa dare da rana, da kaya da marar lafiya da gawa. Muka sa hannu gaban shaidu, aka biya kuɗin kan sarki, aka kai Hukumar Filaye kamar yadda Dokar Filaye ta 2020 ta tanada. Abin ya ci kuɗi da zirga-zirga, amma bai kai rabin abin da muka biya na tsirin ba. Da Baba ya nemi wannan takarda a ranar da ya kai goro, na tabbata Baba Alhaji da ya dangwala yatsa ba tare da ya karɓi sisi ba.

Na san abin da ya hana shi, don har yau shi ke hana mutane. Kunya ce. A wurinmu ka ce wa dattijon da ya yi maka alheri "a rubuta", kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba ne. Ina girmama wannan kunyar, a cikinta aka raine ni. Amma ba don mai alherin ake rubutu ba. Ana yi ne don ranar da ba ya nan, ranar da jikansa da aka haifa a Hambug zai sa hannu a takardar sayarwa bai taɓa jin labarin shingen kwano ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Ban ga dalilin da za mu rubuta bashin buhun masara mu bar ƙofar gida a kan tunanin tsofaffi ba.

Hukuma ma tana da nata kason. Tun 2018 Nima da Mamobi suke da majalisunsu na Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, kuma an kafa Asusun Raya Zango tun 2017. An shimfiɗa wa lunguna da dama bulo, mun ji daɗi, taɓo ya ragu. Amma bulo a ƙasa ba ya sa lungu cikin taswira. Da za a ɗauki safiyo ya bi unguwa layi-layi tare da sarakuna da limamai, a auna hanyoyin da ake bi yanzu tun shaidunsu na raye, da an kashe rigingimu masu yawa tun ba su haihu ba, kuma da mai kashe gobara ya san ta inda zai ja tiyo.

Gwajin gaske ya same ni ne a cikin gidanmu. A bayanmu akwai wata gwauruwa, Kotokoli, da 'ya'yanta da jikoki, waɗanda tun zamanin Baba suke bi ta gefen tsakar gidanmu su fita. Su ma roƙa suka yi. Ita ba ta da ragon layya, tuwo take aiko wa Mma ranar Sallah. Da ƙura ta lafa, ƙanena ya zo mini da lissafi a takarda: in aka toshe wannan gefen za a fitar da ɗaki guda, kuɗin hayarsa zai mayar mana da abin da muka kashe. Ya ce, "Yaya, mu ba wanda ya raga mana. Doka ma ka ji da kunnenka, ba su da hakki." Gaskiya ya faɗa, ba su da shi, kuma a duk gidan ba wanda ya fi ni sanin haka. Na san kalmar da zan faɗa wa lauya, na san tuwon nan shi kaɗai ya isa ya kayar da su a kowace kotu. Sanin ya ba ni tsoro.

Na ce masa ɗakin ba za a gina ba, kuma in asara ce a cire daga kasona na gado. Muka yi ta ja har Mma ta sa baki. Na kira safiyon nan ya auna musu nasu tsirin, lauya ya rubuta irin takardar da aka rubuta mana, ba tare da mun nemi kuɗi ba. Da na kai wa matar bayani ta ɗauka korarsu za a yi, sai da babban ɗanta ya karanta mata sau biyu.

Takardar ba ta kammala ba har yanzu. Gidan gado ne, sai kowane magaji ya sa hannu. Ƙanena ya sa, ba da son ransa ba, kuma ya faɗa mini hakan a fili. Ƙanwarmu ta Italiya ta ce ita da guminta aka sayi hanyar gaba, ba ta ga dalilin da za a ba da ta baya kyauta ba, kuma ba za ta sa hannu a abin da ba ta gani da idonta ba. Ban matsa mata a waya ba. Ta ce za ta zo hutun ƙarshen shekara, na kuma gaya wa safiyon ya ajiye mana rana a makon da za ta sauka.